Azumin Katolika a ƙasar da tiyar gero ta fi nama daraja

Ranar Larabar Toka, wanda ya ratsa ta cocin Katolika a Maraɗi zai ga mutane suna fitowa da baƙin tambari a goshi. Tokar ganyen da aka ɗaga a bikin Lahadin da ta gabaci Istar bara ce, aka ajiye ya bushe, aka ƙone, fada ya dangwala da babban yatsa ya zana gicciye. Daga nan kwana arba'in na tuba suka fara, ban da ranakun Lahadi, har zuwa Ista. A 2025 wannan Laraba ta faɗo 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan, sai ga maƙwabta biyu suna azumi a lokaci ɗaya, kowa da irin nasa.

Tambayar da Musulmi kan yi ba ta canzawa: "Malam, wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa?" Amsar tana cikin dokar cocin. Kwana biyu kawai aka wajabta, Larabar Toka da Jumma'ar da ake tuna gicciye Yesu, inda mai shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya. Sai kuma barin nama kowace Jumma'a ga duk wanda ya kai 14. Sauran an bar wa mutum da zuciyarsa: addu'a, furta zunubi a gaban fada, bin Hanyar Gicciye mai zango 14, da sadaka.

To, a nan ne magana take. Dokar barin nama ta yi ma'ana a inda nama ke kan tebur kullum. A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, gida nawa ne ke dafa nama a mako? Manomin da ya karya da fura, ya kwana da tuwon gero da miyar kuka, ya daɗe da cika wannan doka ba tare da ya taɓa jin sunanta ba. Kuma azumin yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafi ke tasowa, rumbu ya fara ƙara idan an buga shi, samari sun tafi cin rani Kano ko Agadas, kuɗin tiya na hawa a kasuwar Gazawa mako bayan mako.

Cocin kanta ta san da haka. A 1966 Paparoma Paul na Shida ya sake tsara dokokin tuba, ya bambanta masu wadata da matalauta: na farko su rage jin daɗi su taimaki mabukata, na biyu su miƙa wahalar da suke ciki ga Allah cikin addu'a, ba tare da sun daina neman gyaran halin da suke ciki ba. Ya kuma ba bishop-bishop na kowace ƙasa izinin musanya azumi da ayyukan jinƙai. Karatun da ake yi ranar Jumma'ar farko ta azumin, daga littafin Ishaya sura ta 58, ya ma fi zafi, domin yana tsawata wa mai azumin da ke zaluntar ma'aikatansa, yana kuma ɗaura karɓar azumi a kan ciyar da mayunwaci.

Saboda haka nauyin ya koma kan wanda ke da abin ragewa. Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma da yawa daga 'yan Katolikan yankin ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'a da suka zo daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya. (Hausawan da suka karɓi Kiristanci a nan galibinsu ta hannun mishan ɗin SIM suka shiga, wadda ta zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, kuma ba Katolika ba ce.) Mai albashin da ya bar tsire ranar Jumma'a ya koma kan soyayyen kifi mai tsada bai karya doka ba, amma a gaskiya wayo ya yi wa kansa. Kuɗin tsiren nan tiyar gero ne ga matar da ke share masa tsakar gida.

Wadda ta fahimci wannan sosai ita ce Sista Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal da ta shugabanci wata ƙungiyar mata masu zuhudu a ƙasarta kafin ta zo Nijar. A 2006, shekara guda bayan yunwar 2005 da ta cika cibiyoyin ciyar da yara na jihar Maraɗi, ta kafa ƙungiyar Bayin Almasihu tare da goyon bayan Bishop Ambroise Ouédraogo, wanda aka ba sabon yankin cocin Maraɗi a 2001, yankin da ya haɗa Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Matan suka zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, suka buɗe makaranta, suka kafa cibiyar yara masu tamowa a Ɗan Bako. Kusan duk uwayen da ke zuwa da goyo Musulmi ne. Ana auna hannun yaro da ɗan zare mai launi, idan ya nuna ja a riƙe shi, idan rawaya a ba uwar gari ta koma gida. Sista ta riƙa tara limamai da masu gari su tattauna auren wuri da karatun 'ya'ya mata, har ta rasu a 2021.

Wani zai ce wannan aikin ƙungiyar agaji ne, ina ruwansa da ibada? Akwai gaskiya a ciki. Azumin da ya zama rabon buhu kaɗai, babu shiru, babu binciken zuciya, ya rasa rabinsa, kuma coci ba ofishin ƙungiyar agaji ta CADEV ba ce, ko da CADEV ɗin tata ce. Amma binciken zuciya a wannan ƙasa yana da tambayoyinsa na gida. Wa ya saye gero da arha a kaka ya kulle sito yana jiran bazara? Wa ya ba manomi bashin buhu ɗaya zai karɓi biyu bayan girbi? Wa ya riƙe kuɗin mai gadi wata biyu? Waɗannan ne ya kamata fada ya ji a wurin furta zunubi, kafin a zo kan wanda ya manta ya ci kilishi ranar Jumma'a.

Akwai kuma yafiya, wadda ba ta da arha a nan. A Janairun 2015 an ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin wata mujallar Faransa, kuma shugabannin Katolikan ƙasar suka fito suka ce sun yafe. Waɗanda suka ga hayaƙin da idonsu suna cikin masu karɓar toka a kowace shekara, kuma bayan addu'a rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya suke komawa da maƙwabtansu, inda kwanon buɗa-baki kan tsallaka katanga a watan Ramadan, na Ista ya rama ziyara.