A Haƙa Rami Kafin a Yanka Fuloti a Fadama

Duk ɗalibin da ya kai babban aji na sakandare ya san amsar wannan tambaya: tsakanin laka da yashi da tsakuwa, wanne ya fi saurin barin ruwa ya wuce? Tsakuwa ce. Amsar daidai take a ɗakin gwaje-gwaje, amma a fili ta yaudari mutane da yawa. Birnin Katsina ya daɗe da tsallake ganuwarsa, kuma wanda ya fita ta Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, ya miƙi hanyar Batsari, zai ga gidaje sun mamaye wuraren da a da gonaki ne. Yawancin ƙasar nan jigawa ce, amma akwai kwari da hanyoyin ruwa jefi-jefi. Mai sayen fuloti yakan zo da rani, ya dumbuzi ƙasa ya ga yashi da tsakuwa, ya ce ai nan ruwa ba ya kwanciya. Sai watan Agusta ya zo ya ƙaryata shi.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta, kuma malami na iya nuna shi da gwangwani biyu. A huda gindinsu, a cika su da tsakuwa, a ɗora ɗaya a kan bulo, ɗayan kuma a tsoma shi cikin daro mai ruwa. In an zuba ruwa a na farko, nan take zai tsiyaye. Na biyun kuwa zai zauna a jiƙe har sai an kwashe ruwan daron. Tsakuwar iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne ko ruwa yana da wurin zuwa. A fadama, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan hauro da damina har ya kusa fuskar ƙasa, musamman inda akwai shimfiɗar laka ko marmara daga ƙasa. Tsakuwa ma sai ta zama hanyar da ruwan rafi ke bi ya kwararo ta gefe ya cika wurin.

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne kwarurrukan manyan duwatsu masu sanyi, kamar duwatsun Alf na Turai da na Roki a Amurka ta Arewa. A can, koguna masu gudu da tsofaffin tarin ƙanƙara sun jibge tsakuwa da ƙananan duwatsu a gindin kwari, sannan ambaliya ta lulluɓe su da 'yar siririyar ƙasa mai laushi. Masana na kiran duk ɓarɓashin da ya wuce milimita 2 tsakuwa, kuma a irin waɗannan wurare takan zama kaso mai yawa na ƙasar. Duk da haka, in ƙanƙara ta narke a farkon lokacin ɗumi, sai kwarin ya jiƙe sharkaf na makonni. Sanyi kuma yana da nasa aiki. Zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye kuwa aikinsu yakan ninka ne in zafi ya ƙaru da digiri 10, ya kuma kusa tsayawa in ya sauka ƙasa da digiri 5. Saboda haka matattun saiwoyi da ciyayi sukan taru a saman ƙasar su yi baƙi ƙirin. Manoman waɗannan wurare ba su cika wahalar da kansu da shuka hatsi a nan ba. Sukan bar shi makiyaya ko wurin yankan ciyawar da za a adana wa shanu saboda lokacin sanyi. A Nijeriya, mafi kusa da wannan yanayi su ne kwarurrukan tsaunin Mambila, ko da yake ƙanƙara ba ta kwanciya a can.

Katsina ba ta da sanyi irin wannan, kuma zafinta yana cinye ruɓaɓɓen ganye da sauri, shi ya sa baƙar ƙasar samanta ba ta yin kauri. Amma abin da ruwa ke yi a cikin ƙasa ɗaya ne ko'ina, sai dai a nan ya fi sauri. A nan ne ilmin halittu ya shigo.

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƙofofi ne, waɗanda iska da ruwa ke rabawa a tsakaninsu. Saiwa tana numfashi kamar yadda dabba ke yi. In ruwa ya cike ƙofofin, iskar oksijin ba ta samun shiga, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi tafiyarta a cikin iska nawa da kimanin sau 10,000. 'Yar wadda ta rage kuwa, saiwoyi da ƙwayoyin bakteriya sukan shanye ta cikin kwana ɗaya ko biyu in ƙasar na da ɗumi. Daga nan gero da wake da tumatir sai su fara yin ɗorawa, su yanƙwane alhali suna tsaye cikin ruwa. Shinkafa ce ke tsira, saboda a jikinta akwai wasu ƙananan bututu da ke sauko da iska daga ganye zuwa saiwa.

Su kuwa bakteriya ba su mutuwa. Wasunsu sukan koma numfashi da wasu sinadarai, kuma bi da bi suke yi. Sukan fara da naitiret, wato abincin shuka, su mai da shi iskar naitirojin ta tashi sama. Manomin da ya watsa taki mai naitiret a gonar da ruwa ya kwanta, iska ya yi wa kyauta. Sai su juya ga manganis, sannan ƙarfe. Jan launin ƙasar Hausa tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ɓarɓashinta. In bakteriya suka taɓa wannan tsatsa, sai ta narke ta bi ruwa, ƙasar ta koma ruwan toka, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Inda iska ta sake shiga da rani, a bakin tsaga ko a ramin tsohuwar saiwa, ƙarfen yakan sake yin tsatsa ya bar ɗigo-ɗigo ja. In jiƙewar ta yi tsanani ƙwarai, sai a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar an kai ga sinadarin farar wuta. Masana sun ari wata kalmar Rashanci, gilei, suka raɗa wa irin wannan ƙasa.

Muhimmancin wannan launi shi ne ba ya gushewa da ɗaukewar ruwan sama. A tsakiyar Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, rami mai zurfin mita ɗaya zai nuna iyakar inda ruwa ke kaiwa kowace damina. In toka-tokar ta fara a ƙasa da rabin mita daga sama, harsashin gini zai zauna cikin ruwa, masai zai cika ya haɗu da rijiya, danshi zai hau bango yana ɓarɓashe siminti da gishiri. Wannan shaida ce da ba ta karɓar la'ada, ba kamar ta dillali ba.

To, me ya hana a riƙa neman ta? Ra'ayin da ya kamata a tsaya a kai shi ne kada a yanka fuloti a kwari sai an haƙa rami an duba, kuma inda ƙasa ta nuna toka kusa da sama, a bar wurin ga lambu da ruwa. Akwai masu cewa birni na girma, talaka na neman matsuguni, fadama kuma ta fi arha. Ai sai a cike ta da jar ƙasa. Maganar buƙata gaskiya ce. Amma ciko ba ya rage ruwa ko da cokali ɗaya, tura shi kawai yake yi gidan maƙwabci. Katsina na samun ruwan shekararta ne cikin kimanin wata huɗu, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, kuma rafukan Ginzo da Tille da tsofaffin kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke karɓarsa. Duk wanda aka cike, ruwansa zai nemi wani wuri. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta isa ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi wa gidajen da ke kusa da hanyarsa. Arhar fulotin kwari bashi ce da ake biya da bango.

Akwai kuma ɓarna ta ɗaya gefen, wadda ba a cika lura da ita ba. Tsakuwa da yashi ba su riƙe ruwa. Amfaninsu ga mai lambu shi ne kawai ruwan da ke kwance a tsakaninsu kusa da sama. A kan wannan ne aka gina Shirin Fadama na Ƙasa, wanda ya fara aiki a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya yawaita ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa a madadin jigo. Irin waɗannan injuna ba su iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. In tifofi suka kwashe yashin rafi, gindin rafin yakan zurfafa, ruwan gefensa ya bi shi ƙasa, sai ƙasar da ake kuka da jiƙewarta ta zama mafi saurin bushewa. Masu lambun Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da makamantansu, waɗanda ke kawo wa birni latas da kabeji da albasa, ruwa kusa da saiwa shi ne jarinsu.

Manoma dai sun riga littafi sanin bambancin jigawa da fako da dabaro da fadama. Abin da makaranta za ta ƙara shi ne dalili, kuma darasin ba ya buƙatar kayan da aka yi odarsu daga waje. Malamin ilmin halittu ko na aikin gona a makarantun unguwar Ƙofar 'Yandaka na iya neman izinin mai gona, ya fita da ajinsa da shebur da diga da tef na awo, a haƙa rami ɗaya a tudu, ɗaya a kwari. Ɗalibai su auna zurfin da launi ya canja, su murza ƙasar kowane mataki da ɗan ruwa a tsakanin yatsu, su tankaɗe ta su ga yawan tsakuwarta, su lura da inda saiwoyi suka tsaya. A mayar da ƙasar ramin a rufe a ranar, saboda yara da dabbobi, amma a bar dogon bututun roba mai huje-huje a tsaye a ciki. Duk ranar Litinin daga Yuni zuwa Oktoba, ɗalibi ɗaya ya zura sanda ya rubuta inda ruwa ya kai, a kwatanta shi da layin tokar da aka auna da rani.