Su Suna Sayen Baƙi, Mu Muna Sayen Fari

   Yau maganar fata za mu yi, rigar nan da aka haife mu da ita, wadda in ta yage babu telan da zai ɗinka mana wata.

Ga abin da ya jawo maganar. Ranar da aka ba mu hutu mun shiga mota daga Kano za mu gida, mu huɗu 'yan mata 'yan makaranta ɗaya, duk 'yan yankin kudancin Kano. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora sai ɗayarmu ta nuna mana wani bidiyo a waya. Wata Baturiya ce ta shiga cikin wata na'ura mai kama da doguwar akwati, cike da fitilu masu shuɗin haske, ta kwanta aka rufe. Wai kuɗi ta biya domin fatarta ta yi duhu. Muka yi ta dariya, har muna cewa ta zo Doguwa ta yi mako ɗaya a gonar masara, za ta samu abin da take nema kyauta. Wata dattijuwa da ke zaune a bayanmu ta bari muka gama, sannan ta ce, "To 'ya'yan nan, me kuke yi wa dariya? Ita ta biya kuɗi ta yi baƙi, ku kuna biya ku yi fari. Ku buɗe jakunkunanku mu gani mana." Muka ce, "Kai Iya!" Amma babu wadda ta buɗe jaka, dariyar kuma daga nan ta tsaya.

Tun daga ranar muke juya maganar Iya. Da muka bincika sai muka gane cewa mu da Baturiyar nan abu ɗaya muke taɓawa, wato wani sinadari da ke cikin fata mai suna melanin. Shi ne yake ba fata launi, kuma shi ne yake tare wani haske na rana da ido ba ya gani, wanda masana suke kira UV. Hasken nan idan ya ratsa fata yana lalata ƙwayoyin halittarta. Da zarar fatar Bature ta ji wannan ɓarna sai ta yi maza ta ƙara melanin don ta kare kanta. Ashe duhun nan da suke yi wa kallon ado alama ce ta fatar da ta ji rauni. In aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, sai tamoji da tabo su zo da wuri, wani lokaci kuma kansar fata ta biyo baya.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya na'urorin nan na duhunta fata a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukunin da taba sigari take ciki. A wannan shekarar ce Brazil ta haramta amfani da su don kwalliya. Ostareliya, wadda take cikin ƙasashen da kansar fata ta fi yawa a duniya, ita ma ta rufe shagunan da ke wannan sana'a daga farkon 2015.

Da Turawa suka ga haka, da yawansu suka koma wata hanya da ba ta buƙatar rana ko na'ura. Akwai wani mai da ake shafawa ko a fesa a jiki, mai ɗauke da sinadarin DHA, wanda ake iya samarwa daga tsirrai irin su rake. Shi ba ya shiga ciki. Matacciyar fatar da ke can sama kawai yake rinawa, bayan kamar mako ɗaya kuma launin ya gushe yayin da fatar take saɓa da kanta. Sai dai likitocinsu suna jan kunne cewa wannan launi na aro ba ya kare mutum daga rana, kuma a kiyaye kada ya shiga ido ko baki, ko a shaƙe shi lokacin feshi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Haka lallen gargajiya yake aiki: ya kama saman fata, ya yi ja, bayan mako biyu ko uku ya goge, fatar tana nan lafiyarta ƙalau. Kakanninmu sun daɗe da sanin adon da yake tsayawa a sama ba ya cin jiki. Mu ne muka zo muka zaɓi wanda yake nutsawa ciki.

A wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 an ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata. A farkon 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Mu kuwa ba sai an kawo mana lissafi ba. Mun san yadda ake yi idan kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, bukukuwa suka kankama. Mun san ƙaramar robar nan marar suna, marar lamba, da ake kira haɗi, wadda mai sayarwa take cewa kwana bakwai ya isa. Mun san yadda ake tsare amarya a ɗaki ana dirza ta, don ranar kamu a ce ta yi haske. Har ƙananan yara yanzu wasu iyaye suna shafa wa.

Me ke cikin irin waɗannan mayuka? Abubuwa uku ne suka fi yawa.

Na farko haidrokwinon. Aikinsa shi ne hana fata yin melanin. Magani ne da likita kan bayar na ɗan lokaci don goge tabo, kuma a Nijeriya ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. Idan aka daɗe ana amfani da shi, musamman mai ƙarfi, yana haifar da wani baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi da bayan wuya, wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Wato wadda ta fita neman fari sai ta dawo da baƙin da ya fi nata na asali, kuma a dabbare. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana kuma ta hana shigo da masu haidrokwinon a 2016.

Na biyu sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason. Su ne ƙananan bututun nan da ake matsewa a cikin man shafawa. Asalinsu maganin ƙaiƙayi da kumburin fata ne, na 'yan kwanaki. Idan aka mayar da su man kullum sai fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya, ƙuraje da makero da kyasbi su samu wurin zama. Ciwo ƙarami sai ya ƙi warkewa. Wannan babban abin tsoro ne ga mace, domin wata rana haihuwa tana iya zuwa da tiyata, fatar da ta yi siriri kuma ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata. Sinadarin yana kuma ratsawa cikin jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga.

Na uku zaiba, wadda a boko ake kira makuri. Ita ce mafi muni, domin ba a fata take tsayawa ba. Tana lalata ƙoda, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tana kaiwa ga jaririn da ke ciki da wanda yake shan nono. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Japan inda zaiba ta gurɓata ruwa ta nakasa mutane masu yawa. Sau da yawa masu zuba ta a mai ba sa rubutawa a jikin kwali.

Yanzu mu dawo gida mu haɗa wannan da irin rayuwarmu. Mu ba mutanen ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba ne. A Doguwa masara ake nomawa, a Tudun Wada shinkafa, a Kiru da Bebeji ga noman damina ga na rani, ga masunta a madatsar ruwa ta Tiga. Yarinyar da take kai abinci gona, ko take tafiya makaranta a ƙasa, ko take tallar kasuwa, a rana take wuni. Melanin ɗin da ke jikinta shi ne laimarta. Idan ta goge shi da mai, ta mayar da fatarta irin ta Baturiyar nan, sannan ta fita da ita cikin zafin watan Maris da Afrilu. Shi ya sa za ka ga fuskar ta yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi, gaɓoɓin yatsu kuma sun yi baƙi ƙirin. Baƙin tabon haidrokwinon ma a wuraren da rana take duka ya fi fitowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In muna son ganin darajar melanin, mu dubi 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka haifa da ƙarancinsa. Rana tana ƙona su cikin ɗan lokaci, kuma kansar fata tana kashe da yawa daga cikinsu a Afirka tun suna matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga watan Yuni don tunawa da halin da suke ciki. In akwai zabiya a ajinku, ku daina tsokana. Ku taimaka masa ya samu malfa da riga mai dogon hannu, ku roƙi malami ya zaunar da shi a gaba saboda raunin gani, kuma kada a tsayar da shi a rana da sunan horo. Abin da shi yake nema ruwa a jallo, shi muke kashe kuɗi muna gogewa.

Kada kuma mu ɗauka baƙar fata ba ta kamuwa da kansa sam. Tana kamuwa, sai dai ba kamar farar fata ba, kuma sau da yawa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce take ɓulla. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, irin wannan kansa ce ta fara masa a yatsan ƙafa, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. Duk baƙin tabon da yake girma ko yake sauya kama, da duk gyambon da ya ƙi warkewa, a kai wa likita.

To mene ne abin yi? Wadda ta riga ta fara shafa, kada kunya ta hana ta neman taimako. Amma in ta daɗe tana shafa mai sitiroyid, kada ta yanke dare ɗaya, domin fatar tana iya rikicewa har ta tilasta mata komawa. Ta je babban asibiti mafi kusa da robar man a hannu, in abin ya yi tsanani a tura ta wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk man da ba shi da suna, ba shi da jerin abin da aka haɗa shi da shi, ba shi da lambar rajistar NAFDAC, kada ya taɓa jikinmu ko da kyauta aka ba mu. Don laushin fata, musamman lokacin hunturu, man kaɗanya da man kwakwa da basilin sun wadatar. Wanda zai wuni a gona ya sa malfa da riga mai rufe hannu, ya nemi inuwa idan rana ta take tsaka. Mai hali ya sayi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka. Lalle kuwa a yi na ganye. Baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi mai suna PPD yana sa wasu fatarsu ta yi bororo ta bar tabo.

Saura ku, 'yan'uwanmu maza. Da farko dai mun san a cikinku ma akwai masu shafawa a ɓoye, to duk abin da muka lissafa bai bar ku ba. Na biyu, ku ne kuke cewa fara ko mayya ce, ku ne kuke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, ku ne kuke tambayar "fara ce?" kafin ku tambayi halinta. Yarinya 'yar shekara 15 tana jin wannan a zaure da makaranta da fina-finai, sai ta ɗauki kuɗin tallarta ta kai wa mai haɗi. Idan ƙodarta ta lalace, ba mai kirarin ba ne zai kwana da ita a asibiti, iyayenta ne za su sayar da gona. Mu ma mata mu gyara bakinmu. "Kin yi baƙi" da muke faɗa wa ƙawa bayan hutu kamar muna yi mata jaje, ita ce kalmar da take tura wasu kasuwa.

Mun sauka a mota ranar nan ba mu tambayi Iya sunanta ba. Amma ɗaya daga cikinmu, da muka koma makaranta, ta kira mu ta nuna mana robarta, ta ce tana son mu raka ta asibiti. Mun raka ta. Yanzu fatarta tana komawa wankan tarwaɗar da muka san ta da shi tun muna firamare, a hankali a hankali. Muna fatan wannan shafi zai kai ga wata mai irin wannan roba a jaka, ta samu masu raka ta.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gode wa abin da ya ba mu.