An Yi Aiki, Mara Ba Ta Daina Ciwo Ba



"Ba an yi miki aiki ba? To wane ciwo kuma?" Wannan tambayar nake so mu daina yi wa matan da aka yi wa tiyatar endometiriyosis, cutar da ke sa wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajen mahaifar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa.

Tiyata na cire naman, amma yana iya dawowa. Wani lokacin tabon aikin ne ke manne kayan ciki, ko tsokar ƙasan mara ta ɗaure, ko jijiyoyin da suka daɗe suna kai saƙon zafi su ƙi dainawa. Kowanne da maganinsa: na danne al'ada, na ciwon jijiya, ko gashin tsoka wurin ƙwararru. Ba kullum sake yanka ne mafita ba.

Don haka a daina kiranta mai raki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ta ce ciwon na nan, a yarda da ita, a mayar da ita wurin likitan mata.