Mashayinmu ba kuɗin mota yake buƙata ba



Akwai maganar da ba ma son a tayar a taron ƙungiya, ita zan tayar yau. Giya ta kama yaranmu da dama a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, har da wasu magidanta masu furfura. Kowa ya san inda ake sayar da ogogoro da 'yar leda a bakin tasha, kowa ya san masu zuwa can da asuba kafin su fara dako. Amma da an yi zancen sai a ce "ai Bahaushe ba ya sha." To wa ke sha?

Maganinmu guda ne tun fil azal: a haɗa kuɗin mota, a ɗora mutum a tirelar shanu, a mayar da shi gida. Wannan kawar da ido ne kawai. Mun raba shi da sana'arsa, mun kai wa tsohuwarsa nauyi, bayan wata uku ya dawo ya sauka a wata unguwar da ba a san shi ba. Wanda kuma danginsa suka matsu sai su kai shi gidan mari. Ko mun manta da 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Ojoo ta Ibadan, wasu da sarƙa a ƙafa?

Abin da masu kulle mutum a ɗaki ba su sani ba shi ne, wanda jikinsa ya saba da giya sosai, idan aka yanke masa ita rana ɗaya yana iya shiga karkarwa, farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan na kisa. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne. Irin wannan mutum asibiti ya kamata ya fara zuwa, ga na masu taɓin hankali a Yaba, ga na Aro a Abeokuta, duk suna karɓar masu matsalar shaye-shaye.

Sai dai asibiti na 'yan makonni ne. Yaƙin yana farawa ne ranar da aka sallame shi ya koma cikin abokan da suka saba zama tare. A nan ne zaman 'yan uwa masu fama da cuta iri ɗaya yake da amfani. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA, ta faro ne a 1935 a garin Akron na Amurka, da wasu mashaya biyu suka lura cewa hira da juna tana hana su komawa kwalba. Tsarinta ba wuya: ana haɗuwa a kai a kai, kowa ya faɗi halin da yake ciki, ba a biyan kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa waje, sabon shiga kuma yana samun wanda ya riga shi dainawa da zai kira ko da tsakar dare ne. Ana irin wannan zama a Legas, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibitocin nan su ne farkon waɗanda za a tambaya.

Na san abin da wasu za su ce: da Turanci ake yi, kuma sau da yawa a harabar coci. Wannan gaskiya ce, kuma ɗan dakon da bai yi boko ba zai ji kansa bare a wurin. Amma wannan hujja ce a kanmu. Musulmin Amurka sun gamu da irin wannan damuwa, sai suka kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, suka daidaita tsarin da addininsu. Mu da muke da sarakunan Hausawa, limamai da zaurukan taro a kowace unguwa, me ya hana mu?

Masu cewa zama da mashayi ɗaure wa ɓarna gindi ne, su koma wurin malamansu su tambayi labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana. Ba wanda ya ce giya halal ce. Shi kansa mashayin ya fi mu sanin haramun ce, shi ya sa yake ɓuya. Wa'azi ya ji shi sau ɗari. Abin da bai samu ba shi ne mutumin da zai ce masa "ni ma na yi, ga yadda na kai wata shida ban taɓa ba."

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiya: a ba da zauren taro dare ɗaya a mako, bayan Isha'i, da Hausa. Kada a rubuta suna, kada a ɗauki hoto don Facebook, kada wani mai unguwa ya zauna a ƙofa yana ƙirga masu shiga. Waɗanda suka daina sha su ja ragamar zaman, a nemi ma'aikacin jinya ɗaya cikin 'ya'yanmu da zai riƙa tura masu tsanani asibiti. Kuɗin da muke tarawa na mota ya ishi shayi da burodi na wata biyu. A sa wannan a ajandar taro mai zuwa, wanda ke da ja kuma ya zo ya faɗi nasa maganin a gaban jama'a.