MAI KALLO BA UBANGIJIN ƊAN WASA BA NE

Ranar 11 ga watan Fabrairu na 2024 duk wani gidan kallon ƙwallo da ke ƙasar Kaduna ta Kudu, tun daga Kauru har Kafanchan, ya cika ya batse, domin a daren nan ne Nijeriya ta kara da Kwaddebuwa a birnin Abidjan a wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka. Nijeriya ce ta fara jefa ƙwallo, amma aka tashi masu masaukin baƙi na da ci 2, Nijeriya na da 1. Kafin gari ya waye wasu da ke kiran kansu masoya sun yi wa Alex Iwobi ca da zagi da tsinuwa, har ya kwashe kusan dukan hotunansa daga shafinsa na Instagram. Sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon jama'a su ƙyale yaron nan ya sha iska. Mutum goma sha ɗaya suka shiga fili, aka zaɓi guda aka ɗora masa jakar tsaba.

Wannan ba shi ne farau ba. A watan Janairu na 2022 haka aka yi wa mai tsaron gida Maduka Okoye bayan Tunisiya ta fitar da Nijeriya a Garwa, har da masu yi masa barazanar kisa. Ranar 29 ga Maris na shekarar kuma 'yan kallo suka auka cikin filin wasa na Moshood Abiola a Abuja suka yi ta farfashe kayan gwamnati saboda an yi kunnen doki da Gana. Hukumar FIFA ta ci Nijeriya tara.

Abin tambaya shi ne, me ya sa mutumin da ya biya kuɗin zama a benci na sa'a biyu yake ganin ya sayi ɗan wasa da mutuncinsa da iyayensa baki ɗaya?

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga shahararrun mutane. An yi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an yi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, an yi 'yan dambe irin su Shago da makaɗansu. Amma a wancan zamani ma'amala a fili take. Makaɗi ya zo da kalangunsa ko kuntiginsa, ya yi abin da ya kawo shi, wanda ya ji daɗi ya yi liƙi, wanda bai ji ba ya kaɗe rigarsa ya kama hanya. Ɗan damben da aka kayar akan yi masa ihu a fage, gobe kuma a gaisa da shi a kasuwa. Wanda zai zagi Shata kuwa sai ya shirya, domin ido da ido za a yi, kuma kowa ya san kaifin bakinsa. Yau wayar hannu ta kawar da wannan kunya. Yaro yana kwance a ɗaki, da sunan da ba nasa ba, zai aika wa wanda ya girme shi kalmar da ba zai iya furta ta a gaban mahaifinsa ba.

Ba a ce kada jama'a su yi magana ba. Wanda ya fito a majigi ko ya ɗauki tutar ƙasa ya san idon yara yana kansa, kuma al'umma tana da hakkin ta tsare tarbiyyarta. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, haifaffiyar Kaduna, daga finafinan Hausa saboda rawar da ta taka a bidiyon wata waƙa tare da mawaƙi ClassiQ. Ana iya gardama a kan ko hukuncin ya yi tsanani, kuma an yi gardamar, amma dai ƙungiya ce mai dokoki da shugabannin da aka sani, wadda ake iya zuwa gabanta a ba da haƙuri, kamar yadda ita 'yar wasan ta yi. Abin da ya faru a Nuwamba na 2020 daban ne. Ta sa wasu hotuna da mutane da yawa suka ga ba su dace ba, wani can daban ya rubuta kalmomin ɓatanci ga addini a ƙarƙashinsu, ta goge hotunan, ta nisanta kanta daga maganar, ta nemi gafara tana hawaye. Duk da haka taron da ba shi da shugaba, ba shi da alƙali, ya ci gaba da neman a hukunta ta a kan abin da hannun wani ya rubuta. Shari'ar Musulunci ba ta ɗora wa wani laifin wani, dokar ƙasa ma haka, kuma babu cocin da ke koyar da hakan.

Sa'an nan ga wani ɓangare da ba a cika son tonawa ba, watau roƙo. Da zarar sunan mutum ya fito, sai a mai da shi baitulmali: wannan na son kuɗin haya, wancan na son jari, wani zai yi aure. In ya bayar an ce don a gani ya yi, in ya hana ya zama marowaci mai girman kai wanda ya manta waɗanda suka ɗaga shi. Alhali kuwa yawancin masu cewa su suka ɗaga shi ba su taɓa sayen faifansa ba, a wurin masu tura finafinai a waya suka karɓa a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko kwabo bai kai ga mai shi ba. A Fabrairu na 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su a fim. Wasu masu shirya fim sun musanta, an yi ta cacar baki, amma abin da ya fito fili shi ne da yawa daga cikin fuskokin da ake zaton suna cikin daula da ƙyar suke ɗora tukunya. Kowa ya sha ganin yadda ake yawo da ƙoƙon bara a duk lokacin da ɗayansu ya kwanta asibiti.

Saboda haka tilas ne Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya da ƙungiyoyin 'yan fim su daina barin 'ya'yansu su kaɗai a irin wannan rana. Barazanar kisa laifi ne a dokar ƙasa, ko a takarda aka rubuta ta ko a waya, kuma aikin hukuma ne ta kai ƙara, ba ta jira kyaftin ya fito yana roƙo ba. Malamai a masallatai da limaman coci-coci na Kauru da Lere da Jama'a, waɗanda suka daɗe suna wa'azi a kan tufafin 'yan wasa, ya kamata su keɓe wani lokaci ga harshen masu kallo. Masu gidajen kallo kuma suna da ikon da suka raina: wanda ya hana shan taba a rumfarsa yana iya hana zagin uwar wani a cikinta, ya mayar wa mai zagin kuɗinsa, ya nuna masa ƙofa.