Jar Hula a Kan Rawani: Magana Kan Adon Allon Biki a Zango



A daren kashegarin babbar Sallar da ta wuce mun raka dattijon da muke yi wa hidimar alƙalami zuwa wata liyafa da samarin unguwa suka shirya a wani zauren biki a nan Kumasi. An kafa ƙaton allo mai haske a bayan dandamali, kyamara biyu suna bin jama'a, duk wanda suka haska sai ya ga kansa a allon nan take, fuskarsa ta fi ƙofar gida girma. Da aka roƙi Maigida ya sa albarka, ya miƙe, ya karɓi makirfo, ya fara da godiya ga Allah. Bai kai ga salati ba sai muka ji dariya tana tasowa daga bayan zaure, irin wadda ake dannewa da gefen mayafi. Muka ɗaga kai. Ga Maigida a allo, dusar ƙanƙara tana zubo masa, ga jar hular Baba Kirsimeti mai farin tuntu ta ɗare bisa rawaninsa. In ya karkata kai ta karkata, in ya sunkuya ta bi shi. Mutum ne da ya haura shekara tamanin, wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu.

Abin bai fi daƙiƙa goma ba aka share shi. Amma wayoyi sun riga sun ɗauka, kafin asuba hoton ya isa hannun 'yan uwanmu da ke Jamus da Amurka.

Da hantsi yaron da ke kula da allon ya zo tare da mahaifinsa, ya durƙusa a zaure, ya ce, "Baba, wallahi kuskure ne. Hannuna ya taɓa maɓallin da ba shi ba." Ashe da kwamfutar nan ya yi wa wani kamfani aikin bikin ƙarshen shekara a watan Disamba, kayan adon wancan biki suna nan jere a cikinta bai kwashe ba. Maigida ya dube shi, ya ce, "Tashi, ɗana. Hular ma ta yi mini kaɗan." Shi ya yafe. Waɗanda ke zaune tare da shi ba su yafe da sauƙi haka ba, har wasu suka kawo shawarar a hana kafa allo a duk wani biki na zango. Mu ba mu goyi bayan wannan shawara ba, kuma dalilinmu ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Sai da muka zauna da yaron ya buɗe mana kwamfutar kafin muka fahimci abin da muke shirin yanke wa hukunci, domin malamanmu sun hore mu da cewa ba a yanke hukunci kan abin da ba a san siffarsa ba. Masu wannan sana'a suna aiki da manhajoji iri-iri. Akwai Resolume ta ƙasar Holan, akwai vMix ta Ostareliya, akwai OBS Studio wadda kyauta ce ga kowa. Aikinsu shi ne karɓar hoton da kyamara ke ɗauka, su jera wasu hotuna a kansa hawa-hawa, na sama shara-shara yadda ana hango na ƙasa, sannan su tura gaba ɗaya zuwa allo. Sai kuma 'yan ƙananan manhajoji da ake maƙala wa babbar, waɗanda samari ke kira fulogin. Kowanne da abu guda da ya iya: wannan zubo da ƙanƙara, wancan tartsatsin wuta, wani kuma walƙiyar taurari ko ƙwanƙwasar fitilu masu launi.

Yadda ƙanƙarar ke zuba ma ya ba mu mamaki, don ashe ba fim ba ne da aka ɗauka aka ajiye. Kwamfuta ce ke haifar da ɗaruruwan ɗigo a saman allo, ta ba kowanne girmansa da saurinsa da inda iska za ta kaɗa shi, tana sake zana su sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Mai aikin yana da maɓallan da zai ƙara yawansu ko ya rage, ya ƙarfafa iskar ko ya kwantar da ita. Wasu fulogin ɗin kuma suna da kunne: sukan raba sautin kiɗa zuwa mai kauri da matsakaici da siriri, duk lokacin da ganga ta buga sai wuta ta tashi a allo. Wanda ya ɗora wa Maigida hula kuwa nemo idanu da hanci da baki yake yi a cikin hoton, ya liƙa abin a wurin, ya bi kan duk inda ya juya. Bai san rawani ba, bai san furfura ba. Fuska kawai ya gani.

To me ya sa ƙanƙara, me ya sa jar hula? Kasuwa ce ta kawo haka, ba makirci ba. Yawancin masu ƙera waɗannan kaya suna Turai da Amurka, kuma kakar cinikinsu daga ƙarshen Oktoba take farawa, da bikin Halowin mai kabewa da ƙwarangwal, ta bi ta Kirsimeti ta dire a daren sabuwar shekara. Sun zana abin da suka sani ne, don mutanen da ke biyansu. A nan Gana ma maƙwabtanmu Kirista, waɗanda muke zaman lafiya da su, muke kai musu naman layya su aiko mana da abincin bikinsu, suna da haƙƙin su ƙawata Disambarsu yadda suka so, ko da yake su ma ƙanƙara ba ta sauka a Kejetiya. Yaronmu da ke cin abinci daga bukukuwan ɓangarorin biyu dole ya mallaki kayan kowa. Laifinsa shi ne rashin raba kayan, ba mallakarsu ba. Kuma wannan cakuɗuwa ƙaruwa za ta yi, tunda shekarar wata takan gaza ta rana da kimanin kwana 11, Sallah tana matsowa baya kowace shekara, har a ƙarshen 2033 ƙaramar Sallah za ta faɗo daf da Kirsimeti.

Masu cewa a hana allo sun manta abin da allon ya yi mana. Matan da ake zaunarwa a can baya, da tsofaffin da idonsu ya yi rauni, yanzu suna ganin ango da amarya kamar suna gabansu. Uwar da ɗanta ke aure a Asawase ita kuma tana ƙasar waje, ta wannan kwamfuta take halartar ɗaurin auren. Sannan samari nawa ne a Aboabo da Nima da Sabon Zango suka bar zaman kashe wando saboda wannan sana'a? Wanda ya rufe musu wannan ƙofa ya shirya buɗe musu wata. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Wasu kuma suka ce magani mai sauƙi ne, a sayo kayan ado na Musulunci, ai suna nan a intanet. Mun duba su. Fitilar fanus ce ke lilo, raƙuma suna ratsa tudun yashi, ga ƙubbobi irin na Istanbul, ga jinjirin wata mai ruwan zinariya. Suna da kyau, ba mu musa ba. Amma fanus al'adar mutanen Alƙahira ce a watan azumi, kakanninmu ba su rataye ta a zaure ba. Mun tuɓe rigar aro mun sa wata rigar aron, don dai wannan ta fi kama da tamu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda wasu daga cikin waɗannan kaya ke ɗauke da ayoyi da sunayen Allah, an mayar da su zane mai juyawa. Mun taɓa gani a wani biki, bisimilla tana kumbura tana saɓewa daidai da bugun ganga, a bayan masu rawa, ana ta liƙi. Mu da aka koya mana wanke allo da shanye ruwansa don kada harafi ɗaya ya zuba inda ake takawa, wannan ya fi jar hular nan yi mana ciwo, sai dai ba wanda ya yi dariya, don haka ba wanda ya lura.

Ga abin da muke gani. Ɗigon ƙanƙarar nan ba komai ba ne illa ɗan ƙaramin hoto da aka ba kwamfuta ta riƙa maimaitawa. Ana iya cire shi a sa wani. Injin ba shi da gari, hoton da aka zuba masa ne ke da gari. Kuma mu ba matalautan zane ba ne. Dubi aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga. Dubi dagin Arewa, da zanen da magina ke yi a fuskar soro a Kano da Zariya da Damagaram, da launin baba na marinar Ƙofar Mata, da ƙunshin lalle a tafin amarya, da saƙar faifai da tabarma. Mu 'yan zango muna da ƙari a kan haka, domin ƙarnukan da muka yi a ƙasar nan sun ba mu ratsin batakari na arewacin Gana, sun saba mana da kente na masu masaukinmu. In ma dole sai wani abu ya zubo daga sama, me ya hana ya zama goro, fari da ja? Shi ne ya ɗauko kakanninmu daga ƙasar Hausa zuwa Salaga da Gwanja, shi ake rabawa ran ɗaurin aure da ran suna, babu wanda zai gan shi a allo ya tambayi ma'anarsa.

Yin hakan ba ya bukatar tafiya Turai. Yaron ya nuna mana cewa ko da wayar hannu ana iya ɗaukar hoton ɗinkin riga, a share bayansa, a bar zanen shi kaɗai, a ɗora shi a gefen allo kamar yadda ake yi wa littafi ado a bakin shafi. Mai son zurfafawa akwai manhajoji irin su Wire, ta kamfanin Resolume, da TouchDesigner ta Kanada, inda mutum ke haɗa nasa fulogin ta hanyar jona akwatuna da layuka a allo, ba sai ya iya rubuta harshen kwamfuta ba. Abin da ya rage shi ne lokaci, lokaci kuwa kuɗi ne ga mai neman na tuwo. A nan ne laifin ya dawo kanmu manya. Mai biki zai kashe dubban sidi kan zaure da abinci da anko, in aka zo kan yaron allo sai a yi ta ciniki kamar ana sayen gauta. Wanda aka biya kuɗin kwana ɗaya ba zai yi aikin mako biyu ba, zai sauko da abin da ya samu kyauta ne, abin da ake samu kyauta kuwa shi ne ƙanƙara.

Sai maganar fuska, wadda ita ce ba mu da sassauci a kanta. Akwai bambanci tsakanin adon da ke kewaye da mutum da adon da aka ɗora a jikinsa. Na farko shimfiɗa ce aka yi masa, na biyu taɓa shi aka yi. Wanda ya zo biki ya zo ne don zumunci, bai sa hannu a kan cewa a yi wasa da kamanninsa a gaban mutum ɗari biyar ba. Mun ga an kumbura wa matar aure idanu, an sa wa malami kunnen zomo, an haskaka fatar amarya har danginta suka kasa gane ta. Hoton da aka ɗauka aka ajiye ana iya dubawa a goge kafin kowa ya gani. Na kai-tsaye ba shi da wannan rangwame, yana fita ya fita. Samari su yi wa junansu in sun yarda, a wurin da suke su kaɗai. Amma dattijo, da malami, da matar mutum, da yaro ƙarami, a bar musu fuskarsu yadda Allah ya yi ta.

Abin da aka tsayar a zauren Maigida, kuma aka umarce mu mu rubuta, kaɗan ne. Mai allo zai nuna wa mai biki duk adon da zai yi amfani da shi tun kafin ranar, ya kwashe sauran daga jerin da ke gabansa. Yayin addu'a ko jawabin babba, hoto tsura za a nuna, babu ƙari. Ba za a sa aya ko sunan Allah a allon da ake kiɗa a gabansa ba. Sannan aka yi karo-karo a nan take, Maigida ya fara ajiye nasa, aka ba yaron nan da abokan sana'arsa biyu su haɗa mana adon Sallah da na aure da na suna, wanda duk mai allo a zango zai karɓa kyauta.

Makon jiya ya kawo gwajin farko. Ya aro tsohuwar rigar Maigida ta saƙi, ya ɗauki askar ƙirjinta, ya jera ta a gefe biyu na allo, zaren yana ɗan motsi in an buga kalangu. Goron ne bai yi ba tukuna, yana zubowa kamar tumatir. Wani tela da ke zaune ya ce masa ya manta tsagar da ke tsakiyar goro, kuma jan ya yi yawa, ya nemi irin na ɗan daushe. Ya rubuta a wayarsa, ya ce zai dawo da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.