WASIƘAR DOHA: Zancen Rigar Ruwa Mai Numfashi

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen rigar ruwa a wannan fitowa shi ne, tun da aka ji labarin zan zo gida hutu, saƙo uku na samu daga Aboabo da Asawase, duk maganarsu ɗaya. Na ƙarshe daga ɗan ƙanwata ya fito, wanda ke hawan keke zuwa Kejetia kullum da asuba. Ya ce, "Kawu, don Allah in za ka taho ka riƙo mini irin rigar ruwan nan ta Turawa mai numfashi, wadda ruwa ba ya shiga, zufa kuwa tana fita. Ko nawa ce ka saya, in ka zo na biya ka da kaɗan da kaɗan." To, wannan "ko nawa ce" ita ta hana ni barci. Ta ainihi daga cikin rigunan nan ta kan kusa riyal 1,000, wata ma ta haura. Riyal 1,000 kuwa shi ne mafi ƙanƙantar albashin da dokar Katar ta yanke wa ma'aikaci a wata tun 2021, ban da kuɗin ɗaki da na abinci. Watau yaron nan yana so ya sa wa jikinsa aikin wata guda cur. Kafin in yarda da haka, lalle ne mu zauna mu duba ko rigar za ta yi masa abin da ya ke tsammani.

Bari in fara da abin da ya same ni ni kaina. Katar ba ƙasar ruwa ba ce. Abin da ya saba sauka a Doha cikin shekara wajen milimita 77 ne, alhali Kumasi ta kan sami wajen 1,400. Saboda haka yawancinmu nan ko laima ba mu ajiyewa. Ran Asabar, 20 ga Oktoba 2018, sai hadari ya haɗo, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, har ma'aunin da ke nan unguwarmu ta Abu Hamur ya nuna milimita 84, watau ruwan shekara da ɗoriya a yini ɗaya. Hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin gada suka cika, motoci suka tsaya cik. Ni kuwa ina kan keke kusa da kasuwar kayan lambu, a lokacin ba a mayar da ita Sailiya ba tukuna. Na faɗa wani kanti na sayi riga da wando na roba, na zura, na ja zik har wuya, na hau na yi ta tuƙi. Ko da na isa ɗaki na tuɓe, sai na ga taguwata sharkaf, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Wanshekare na koma wa mai kantin da faɗa, na ce ya sayar mini da riga mai yoyo. Mutumin bai ce mini kanzil ba. Ya juye rigar ya yi mata kamar guga, ya tsiyaye mata ruwan gora guda, ya ɗaga. Ko ɗigo bai sauko ba. Ashe abin da ya jiƙa ni ba daga sama ya zo ba, daga jikina ya fito. Na ba shi haƙuri na fita ina jin kunya.

Wannan wahala ba yau ta soma ba. A 1823 ne wani mutumin Gilasgo mai suna Charles Macintosh ya sami dabarar narkar da danƙo ya manna shi tsakanin yadi biyu, har sunansa ya zama sunan rigar ruwa a ƙasar Ingila. Tun a zamaninsa mutane suna kuka da ita, ga wari, ga sandarewa cikin sanyi, ga danƙo cikin zafi, ga kuma mutum ya dahu a ciki. Kakana, wanda iyayensa suka baro Salaga bayan yaƙin 1892, ya kan yi mana labarin kabidon da makiyaya ke sawa a Arewa, wanda a ke saƙawa da kaba, ya rufe kai da baya har gwiwa. Ya ce ruwa ya kan zame ta kansa kamar jinkar ɗaki, iska kuwa tana shiga ta ƙasa da ta gaba. Da muna yara dariya mu ke yi. Ku riƙe wannan kabido, za mu komo kansa.

Rigar da ɗan ƙanwata ke nufi asalinta daga Amurka ne. A 1969 wani injiniya, Bob Gore, ya fizge wata irin roba da zafinta, irin wadda a ke shafe kaskon suya da ita don kada abinci ya kama, sai ta miƙe ba ta tsinke ba, ta zama fata siririya mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A 1976 aka fara sayar da yadin da aka manna wa wannan fata, da sunan Gore-Tex. Masu yin ta sun ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Saboda haka ruwan sama ba ya samun hanyar shiga, tururin jiki kuwa ya kan sami ta fita. Yau kamfanoni da yawa suna yin irin tasu, kowa da sunan da ya raɗa mata. Wannan duk gaskiya ne, ban musa ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Zufa ba ta fita tana ruwa, sai ta zama tururi tukuna. Tururi kuwa ba ya tashi daga wuri sai in can wajen ya fi nan ciki bushewa da sanyi. Uwayenmu mata sun fi kowa sanin wannan. Ki shanya wanki da hunturu, kafin ki gama tuwo ya bushe. Ki shanya shi cikin watan Yuni a Aboabo, kwana biyu yana nan da danshinsa. To, rigar nan igiyar shanya ce kawai. A ƙasar Turawa, inda a ke ruwa cikin sanyi, jikin mutum da zafi waje da sanyi, tururi ya kan yi ta fita. A Kumasi kuwa, ruwa ya ke sauka iska tana da ɗumi, ta kuma riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar naka. Rigar tana nan da ƙofofinta a buɗe, amma zufar ba ta da inda za ta.

Akwai lambobi biyu da a kan rubuta a jikin takardar rigar, ya kamata mai saye ya san karatunsu. Ta fari ta tare ruwa ce, a kan rubuta 5,000 ko 10,000 ko 20,000, da milimita. Ma'anar 10,000 ita ce, in aka tsayar da bututu bisa yadin aka yi ta zuba ruwa, sai ya kai tsawon mita 10 kafin ya keto. Ga mai keke wannan ta isa. Ta biyu ta numfashi ce, watau giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya na yadin cikin sa'a 24. Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. In an rubuta 10,000, ku raba da 24, ya ba ku giram 400 da 'yan kai a sa'a guda, bai kai rabin lita ba. Wannan kuwa a ɗakin gwaji ne, inda aka gyara mata iska yadda ta ke so. Mutum mai hawan tudu da kaya cikin zafi ya kan zubar da zufa lita guda a sa'a. Ko yaron makarantar firamare ya san wanda zai ci a wannan kokawa.

Abin dariyar shi ne, inda rigar nan ta ke aikinta sosai shi ne nan Doha, gama ruwanmu daga tsakiyar Oktoba ya ke farawa, lokacin da Larabawa ke kira Wasmi, ya bi cikin watannin sanyi har wajen Afrilu. Da safiyar Janairu, ga yayyafi ga iskar arewa, na sa ta na ji daɗinta ƙwarai. Sai dai kwana nawa a ke ruwan? Ka ƙirga da yatsu. 'Yan'uwanmu masu kai abinci gida gida a kan babur, waɗanda ba su da damar fakewa, su ne na ke ganin ta dace da su, kuma ko su mai matsakaicin kuɗi ta ishe su, mai 10,000 nan da 10,000 can. Su kiyaye kada su bar ta cikin akwatin babur ko bisa rufin ɗaki da bazara, domin zafin ƙasar nan ya kan saki mannin da ke cikinta.

Wanda ya ce shi dai sai ya saya, ko sabuwa ko ta gwanjo a Kejetia ko Kantamanto, to, kada ya tsaya kallon sunan da ke ƙirji, gama suna ba wuyar ɗinkawa gare shi ba. Ya juye ta ciki waje. Kowane ɗinki, musamman na kafaɗa da na wuya, tilas a ga an bi shi da siririn ƙyalle an manne, domin duk inda allura ta bi ƙofar ruwa ce. In mannin ya ɗaɗɗago, ko cikin rigar yana zubar da farin gari kamar amosanin kai, ajiye musu kayansu, ta mutu, ba telan da zai tashe ta. Sa'an nan ya sayi ruwan leda ya zuba a kafaɗarta. In ruwan ya dunƙule ya gangare, da sauran ranta. In yadin ya sha ya yi duhu, maganin da aka shafa a bayansa ya ƙare, yadin da ya sha ruwa kuwa ba ya numfashi ko da na wane kamfani ne. Wani lokaci wanki da sabulu mai sauƙi da ɗan gugan da bai yi zafi ba, a ɗora ƙyalle a tsakani, ya kan farfaɗo da shi, in takardar rigar ta yarda da guga. Bayan wannan ya sa ta ya sunkuya, ya miƙa hannu gaba kamar yana riƙe da kan keke. Rigar masu yawo da ƙafa ta kan ɗage ta bar ƙugu a waje, daidai inda tayar baya ke watso taɓo. A nemi mai dogon baya da dogon hannu. Abin da ya fi lambobin nan duka amfani a ƙasarmu kuwa shi ne zik a ƙarƙashin hammata da tsaga mai murfi a gadon baya, domin iskar da ke shiga da kanta ta fi ƙofar da ido ba ya gani.

Baƙa da ruwan toka su samari ke so. Ni ban yarda ba. Direban da ke bayanka gilashinsa ya yi hazo, ga asuba, ga ruwa. Sa ruwan ɗorawa ko ja mai haske, mai ɗigon abin nan da ke walƙiya in fitila ta haska shi. Hular rigar kuma, in ka juya kai ba ta juya tare da kai ba, ta rufe maka gefe ke nan. A ƙarƙashi kada a sa singiletin auduga, ta kan riƙe zufa ta manne wa mutum. Rigar ƙwallo ta fi, kuma ban san ɗakin saurayi a zongo da babu ita ba.

To, mu komo ga kabidon kakana. Akwai wata irin rigar ruwa ta masu keke da ba ta da hannu, kamar mayafi ce mai ƙofar wuya, gabanta ya kan shimfiɗu har bisa kan keke ya rufe cinyoyi, ƙasa duk a buɗe. Ko da ta roba ce zalla, iska na zagayawa a ciki, kuɗinta kuwa bai kai ushirin waccan ba. Aibinta biyu ne, ba na ɓoye muku. In iska ta yi ƙarfi ko babbar mota ta gifta, ta kan ɗauke ta kamar tanti, saboda haka a nemi mai igiyar ɗaurewa a ƙugu. In ta cika tsawo kuma tana iya shiga taya. Ita na saya wa yaron, ruwan ɗorawa, na haɗa masa da fitilar gaba da ta baya. In na iso za mu je wurin mai gyara a sa wa keken murfin tayan nan mai tare taɓo gaba da baya, a kuma sake robar birki, gama tsofaffin kekunanmu irin su Phoenix da Raleigh masu ƙafar ƙarfe, in sun jiƙe, ka matse birki keke ya yi kamar bai ji ba. Taguwar aiki kuwa ya naɗe ta cikin leda ya ɗaure a baya, in ya isa ya sake.

Na kuma gaya masa abu guda da babu rigar da ke maganinsa. In ruwa ya rufe hanya har ba ka ganin bakin kwata, sauka ka fake, aiki ya jira. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015 a Akra, da ambaliya da gobarar gidan mai na Circle suka ci mutum fiye da 150. Rafin Aboabo ma mun san halinsa.

Da na aika masa da hoton abin da na saya, sai ya ce, "Haba Kawu, wannan ai abokaina za su ce na yafa tabarma." Na ce, "Ɗana, su faɗa. Ragowar kuɗin kuwa na riga na aika wa uwarka, ka je can ka nema." Har yanzu bai ba ni amsa ba.

Sauran mutum biyun da suka aiko da saƙo, su yi haƙuri, ban sayo musu kome ba tukuna. In Allah ya kai ni lafiya su same ni ƙofar gidanmu bayan la'asar, kowa ya turo kekensa in gani, ya kuma faɗa mini nisan tafiyarsa da lokacin da ya ke fita. Haza wasalam.